Goge a Hannun Ɗan Talaka: Tarihin Koyar da Kiɗa Kyauta daga Napoli zuwa Karakas

Koyar da 'ya'yan talakawan birni kiɗa ba tare da an karɓi ko kwabo daga iyayensu ba abu ne da a yau ake jingina shi ga ƙasar Benezuwela ta Kudancin Amurka, inda shirin nan da ake kira El Sistema, wato Tsari, ya shafe shekara hamsin yana ɗora kayan kiɗa a hannun yaran unguwannin da hukuma ta fi mantawa da su. Sai dai al'adar ta girmi wannan shiri da sama da shekara ɗari huɗu, domin tun a ƙarni na sha shida gidajen marayu na biranen Italiya suka soma ta, kuma duk wanda ya bi sawunta daga can zuwa yau zai tarar da matsala guda tana biye da ita duk inda ta yada zango. Gidan da ya ɗauko yaro daga titi don ya raine shi yakan wayi gari kiɗan yaron ne ke ciyar da gidan, ko ta hanyar sadakar masu sauraro ko ta hanyar tagomashin masu mulki, kuma daga ranar da haka ta faru sai hankalin masu gidan ya rabu biyu tsakanin yaron da ya fi bukatar taimako da yaron da ya fi iya kiɗa, waɗanda ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba.

Kiɗan da ake magana a kansa shi ne na okestira, wato taron makaɗa da kan kai mutum tamanin zuwa ɗari, mafi yawansu masu goge ne irin na Turai mai tsirkiya huɗu, ƙanana da manya, sai masu busa sarewa da ƙaho da masu kaɗa ganguna, kowa yana karanta rabonsa daga rubutacciyar takarda yana kuma bin sandar jagora guda da ke tsaye a gabansu. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado wadda ɗa ke ɗauka a gindin ubansa, har wasu gidaje kan ƙi yarda 'ya'yansu su kusance ta, amma a Turai da ƙasashen da suka gaji al'adunta lamarin wannan kiɗa ya sha bamban, saboda kayansa na da tsada, malaminsa sai an biya, kuma koyonsa na cin shekaru goma ko fiye kafin hannu ya faɗa. Wannan ya sa iya shi ya zama alamar cewa mutum ya fito daga gidan wadata, kuma shi ya sa miƙa goge ga ɗan lebura yake da nauyin da ya wuce na koyar da sana'a kawai.

A ƙarni na sha shida birnin Napoli, wanda ke ƙarƙashin mulkin Sifaniya a lokacin, yana cikin biranen da suka fi cunkoso a Turai, kuma yunwa da annoba sun cika titunansa da yaran da ba su da mai kula da su. Masu ibada da limaman coci suka kafa gidaje huɗu na renon yara maza: Santa Maria di Loreto a 1537, Sant'Onofrio a 1578, Pietà dei Turchini a 1583, da Poveri di Gesù Cristo a 1589. Da farko addini da karatu da sana'o'in hannu ake koya wa yaran, waƙar coci kuwa ɓangare ce kawai ta tarbiyya, amma a ƙarni na sha bakwai masu kula da gidajen suka lura cewa majami'u da attajirai na biyan kuɗi don a turo musu yara su yi waƙa a jana'iza da jerin gwanon bukukuwan addini. Daga nan aka ɗauko ƙwararrun malamai, kiɗa ya mamaye sauran darussa, gidajen marayu suka rikiɗa suka zama makarantun kiɗa mafi shahara a Turai. Giovanni Battista Pergolesi a ɗayansu ya yi karatu, haka ma Domenico Cimarosa, ɗan wani magini da ya faɗo daga gini ya mutu, wanda uwarsa wankau take yi, aka karɓe shi a Loreto a 1761, daga baya ya zama mai tsara kiɗa a fadar sarauniya Catherine ta Rasha.

Wani masanin tarihin kiɗa ɗan Ingila, Charles Burney, ya ziyarci Sant'Onofrio a 1770 ya kuma bar bayanin abin da ya gani, wanda ke nuna irin rayuwar da ake yi a ciki. Ya tarar da mai busa ƙaho a matakalar farko da wani mai busa a ta biyu, a babban ɗaki kuma yara da yawa suna ta gwaji a lokaci guda, masu goge da masu waƙa da masu kaɗa kayan madannai, kowa da abin da yake bi, wasu kuma suna rubutu a tsakiyar wannan hayaniya, kuma ɗakin nan shi ne ɗakin kwanansu. A lokacin sanyi tun kafin gari ya waye suke tashi, ba su ajiye kayan ba sai dare, in ban da hutun cin abinci. A bene kuma, a ɗakuna masu ɗumi, aka keɓe wasu yaran da aka dandaƙe tun suna ƙanana don kada muryarsu ta buɗe, saboda irin wannan murya tana da kasuwa a coci da gidajen wasa. Nan ne iyakar da cinikin muryar ɗan talaka ya kai, kuma ba a iya ba da tarihin waɗannan gidaje da gaskiya in an tsallake shi. Kafin wannan lokaci ma gidajen sun daɗe da fara karɓar ɗalibai masu biyan kuɗi daga wasu garuruwa da ƙasashe, har marayun da aka gina gidajen dominsu suka zama ɓangare kawai na mazauna ciki, kuma a farkon ƙarni na sha tara aka haɗe waɗanda suka rage aka mai da su kwalejin kiɗa guda ta gwamnati.

Birnin Benis ya yi irin wannan da 'yan mata. Gidan Pietà, wanda aka kafa a 1346, yana da wata 'yar taga a jikin bango inda uwar da ba ta iya riƙe jaririnta take ajiye shi ta tafi ba tare da an ga fuskarta ba. Daga cikin 'yan matan da suka tashi a gidan ana zaɓar kaɗan masu baiwa a koya musu kiɗa da waƙa, sauran kuma su yi ɗinki da wanki da aikin gida, kuma waɗannan zaɓaɓɓu ne Antonio Vivaldi ya fara koya wa goge a 1703, ya kuma tsara musu kiɗe-kiɗe masu yawa a tsawon kusan shekara arba'in da ya yi yana hulɗa da gidan. Suna kiɗa ne a bayan shingen ƙarfe a saman coci, baƙi daga ko'ina a Turai suna zuwa saurare suna barin kyauta, kuma abinci da matsayin masu kiɗa sun fi na sauran 'yan gidan. Wadda ta yi aure ta fita kuwa ba a yarda ta ci gaba da kiɗa a bainar jama'a ba, don haka gwanintar ta gidan ce fiye da yadda take ta mai ita.

Tsakanin waɗannan gidaje da Benezuwela akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, Jorge Peña Hen na ƙasar Cile, wanda a 1964 ya kafa okestira ta yara a garin La Serena, ya tara 'ya'yan makarantun gwamnati na talakawa yana koya musu a rukuni maimakon ɗaya bayan ɗaya. Bayan juyin mulkin soja na Satumban 1973 aka kama shi, aka harbe shi a barikin garin ranar 16 ga Oktoba na wannan shekara tare da wasu fursunoni. Wasu daga cikin malaman da suka yi aiki da shi suka yi hijira zuwa garin Carora na Benezuwela, inda aka kafa okestirar yara da taimakonsu tun kafin sunan El Sistema ya bayyana, kuma adalci ne a riƙa sa wannan a farkon labarin.

José Antonio Abreu, wanda ya kafa El Sistema, an haife shi a garin Valera a 1939, kakansa na wajen uwa baƙo ne daga Italiya da ya kafa ƙungiyar masu busa a wani ƙauye na jihar Trujillo. Abreu ya haɗa abubuwa uku da ba kasafai suke haɗuwa ga mutum ɗaya ba, domin makaɗi ne da ya yi karatu a hannun Vicente Emilio Sojo, masanin tattalin arziki ne da ya koyar a jami'a, kuma ɗan siyasa ne da ya zauna a majalisar ƙasa ya san ƙofar kowane ofishi da ake raba kuɗi. Abin da ya dame shi a farkon shekarun 1970 shi ne cewa manyan okestirorin ƙasar cike suke da makaɗa 'yan ci-rani daga Turai, matashin Benezuwela da ya gama makarantar kiɗa kuwa ba shi da inda zai zauna ya yi kiɗa da 'yan'uwansa. A watan Fabrairun 1975 ya kira gwaji na farko a wani wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa a Karakas, babban birnin ƙasar, kuma kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, ya tanadi mazaunin takardar kiɗa guda hamsin amma matasa goma sha ɗaya kacal suka zo. Cikin 'yan makonni adadin ya ninka sau da yawa, a ƙarshen Afrilu suka yi wasansu na farko a gaban jama'a, a 1976 kuma suka je bikin okestirorin matasa na duniya a Aberdeen ta Sikotland suka dawo da yabo. Waɗannan matasa na farko ɗaliban kiɗa ne da suka riga suka iya kayansu, da yawansu 'ya'yan masu matsakaicin hali, kuma burin farko shi ne ƙasa ta samu makaɗanta na gida.

Lokacin ya dace da shi ƙwarai. Farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu bayan rikicin mai na 1973, gwamnatin Carlos Andrés Pérez ta mai da harkar mai hannun ƙasa a farkon 1976, kuɗi suka yi ta kwarara. Guguwar arzikin nan ce dai ta ba Nijeriya, abokiyar Benezuwela a ƙungiyar OPEC, damar gina babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Legas da shirya bikin FESTAC a 1977, sai dai Abreu ya karkata nasa rabon zuwa abin da ke bukatar albashin malamai kowane wata. A 1979 gwamnati ta kafa gidauniya ta musamman don ɗaukar nauyin shirin, kuma dabarar da ta fi yi masa amfani ita ce ajiye gidauniyar a ƙarƙashin ma'aikatun da ke kula da matasa da iyali da walwalar jama'a maimakon ma'aikatar al'adu, wadda kasafinta ne ake fara yankewa idan aljihun gwamnati ya yi sanyi. Da wannan ne shirin ya tsallake faɗuwar farashin mai ta shekarun 1980, da tarzomar Karakas ta Fabrairun 1989 wadda sojoji suka kashe ɗaruruwan mutane a cikinta, mafi yawansu mazauna unguwannin talakawa, ya kuma rayu a ƙarƙashin shugabanni masu aƙidu mabambanta. Shi kansa Abreu ya riƙe muƙamin ministan al'adu daga 1989.

Domin a fahimci abin da shirin ya ba yara, sai an san yadda Karakas take. Birnin yana kwance ne a cikin kwari, tsaunukan da ke kewaye da shi kuma lulluɓe suke da unguwannin da ake kira barrio, irin su Petare da Catia da La Vega da San Agustín, gidajen jan bulo marasa yaɓe da mutane suka gina da hannunsu, wani a kan wani, inda a wurare da yawa mota ba ta shiga sai dai a hau ɗaruruwan matakala. Makarantun gwamnati da yawa rabin yini suke yi, don haka daga azahar zuwa magariba yaro ba shi da wurin zuwa, iyaye suna wurin nema, titi kuma na hannun 'yan daba da dillalan ƙwaya. Cibiyar koyon kiɗa ta shirin, wadda suke kira núcleo, wannan giɓin ta zo ta cike. Yaro yakan zo bayan makaranta ya yi awa uku ko huɗu, kwana biyar ko shida a mako, a ba shi aron goge ko sarewa ba da kuɗi ba, kuma tun makon farko a zaunar da shi cikin rukuni, saɓanin tsohuwar hanyar Turai inda ɗalibi ke shafe shekaru shi kaɗai da malaminsa kafin a bar shi ya shiga taro. Wanda ya ɗan yi gaba shi ke koya wa na bayansa, abin da ya rage kuɗin malamai ya kuma ba ɗan shekara goma sha huɗu girman da ba ya samu a wani wuri.

A cibiyar La Rinconada ta Karakas, lokacin da kayan kiɗa suka yi ƙaranci, malamai suka ƙirƙiro abin da ake kira okestirar takarda. Iyaye da yara suna yanka kwali su manna shi su yi masa fenti ya fito da siffar goge, yaro ɗan shekara huɗu ko biyar ya maƙale shi a ƙarƙashin haɓarsa, ya riƙe sanda a matsayin abin gogawa, ya koyi zama da miƙe baya da ɗaga hannu tare da sauran, yana rera sautin da bakinsa tun da kwali ba ya ƙara. Bayan wasu watanni, idan ya nuna zai iya kula da na takarda bai yaga shi ba, sai a miƙa masa na katako a gaban iyayensa. Abin da rashi ya haifar ya zama hanyar koyarwa da aka kwaikwaya a ƙasashe da yawa. A Barquisimeto kuma, a shekarun 1990, aka buɗe sashen yara masu nakasa, daga cikinsa aka samu ƙungiyar Fararen Hannaye, inda kurame sanye da farar safar hannu suke bin waƙa da alamun hannu a gefen makafi da sauran yara masu rerawa da murya. A 2007 aka shigar da shirin gidajen yari. Waɗannan sassa, waɗanda ba su ne aka fi kai wa yawon duniya ba, su ne suka fi kusa da alkawarin da shirin ya yi wa talaka.

Hujjar Abreu, wadda ya yi ta maimaitawa a gaban shugabanni da masu ba da rance, ita ce cewa mafi munin abin da talauci ke yi wa mutum shi ne sa shi ya ji shi ba kowa ba ne, kuma yaron da ya ga ɗaki cike da manya sun yi tsit suna sauraronsa ya fita daga wannan hali har abada. Ya kuma ɗauki okestira a matsayin ƙaramar al'umma inda kowa ke koyon sauraron ɗan'uwansa. Duniya ta karɓi wannan magana hannu bibbiyu bayan da 'ya'yan shirin suka fara fice. Edicson Ruiz, wanda ya tashi a San Agustín, ya samu kujera a okestirar Berlin Philharmonic ta Jamus yana ɗan shekara goma sha bakwai. Gustavo Dudamel, haifaffen Barquisimeto a 1981, ɗan wani mai busa ƙaho a ƙungiyoyin kiɗan salsa, ya zama jagoran okestirar matasa ta Simón Bolívar a 1999, ya lashe gasar jagorori ta Mahler a Bamberg a 2004, ya kuma karɓi jagorancin Los Angeles Philharmonic a 2009. A watan Agustan 2007 ya kai matasan zauren Royal Albert na Landan, inda a ƙarshen wasa suka sanya riguna masu launin tutar ƙasarsu suna juya kayan kiɗa suna rawa a kan dandamali, kuma hoton wannan dare ya yi wa shirin tallar da ba a taɓa yi masa ba. A shekarar ce Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya amince da rancen dala miliyan 150 don faɗaɗa shi, kyaututtuka kuma suka biyo baya, ciki har da ta Yariman Asturias ta Sifaniya a 2008 da ta Polar ta Suwidin a 2009.

Hugo Chávez, wanda ya hau mulki a 1999, bai nuna ɗoki da farko ba ga abin da ake iya kallo a matsayin kiɗan Turawa da masu kuɗi, amma da ya ga irin sunan da yake jawo wa ƙasar sai ya rungume shi, ya yi alkawarin kai shi ga yara miliyan ɗaya, a 2011 kuma aka mai da gidauniyar ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa kai tsaye. Kuɗi sun ƙaru, cibiyoyi sun haura ɗari huɗu bisa ƙidayar hukumar shirin, an kuma buɗe sashen kiɗan gargajiya na ƙasar mai amfani da ƙaramar garayar nan mai tsirkiya huɗu da suke kira cuatro. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Okestirorin shirin suka zama abin ƙawata bukukuwan gwamnati da tafiye-tafiyen shugabanni, Dudamel ya jagoranci kiɗa a jana'izar Chávez a 2013, kuma a Fabrairun 2014, ranar da aka kashe masu zanga-zanga a titunan Karakas, yana kan dandamali yana jagorantar wasan zagayowar ranar kafa shirin, abin da ya sa fitacciyar mai kaɗa piyano Gabriela Montero ta soke shi a fili kan shirun da ya yi. Shirun ya ƙare ne a watan Mayun 2017, lokacin da aka harbe Armando Cañizales, ɗan shekara goma sha takwas kuma mai goge a shirin, a wurin zanga-zanga. Dudamel ya fito ya nemi gwamnatin Nicolás Maduro ta saurari jama'a, gwamnati kuma ta mayar da martani da soke tafiyar da okestirar matasa ta ƙasa za ta yi zuwa Amurka a ƙarƙashin jagorancinsa. Yara kusan ɗari biyu da suka yi watanni suna gwaji su ne suka biya kuɗin saɓanin manya.

Suka mafi nauyi ta fito ne daga wani masanin kiɗa ɗan Ingila, Geoffrey Baker, wanda ya zauna a Benezuwela ya tattauna da malamai da ɗalibai na da da na yanzu, ya wallafa littafi a kan shirin a 2014. Ya nuna cewa maganar ceton talakawa ba ta yi ƙarfi a takardun shirin ba sai a shekarun 1990, lokacin da ake neman rancen bankunan raya ƙasa, cewa kaso mai tsoka na kuɗi yana tafiya ga manyan okestirorin Karakas da tafiye-tafiyensu alhali malaman cibiyoyin karkara suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, kuma cewa okestira, inda mutum ɗaya ke ɗaga sanda ɗari su bi, ta fi koyar da biyayya a kan shawara. Magoya bayan shirin sun zarge shi da dogaro da mutanen da ba a bayyana sunayensu ba. Sai dai binciken da masanan bankin da ya ba da rancen suka gudanar da kansu ya ƙarfafa wani ɓangare na maganarsa. Sun bi yara 2,914 masu shekara shida zuwa goma sha huɗu a cibiyoyi 16, aka yi ƙuri'a wasu suka fara nan take wasu aka jinkirta su shekara guda, kuma sakamakon ya nuna cewa waɗanda suka fara sun fi iya kame kansu, rigimarsu ta ragu, musamman yara maza da suka tashi cikin tashin hankali, amma ba a ga wani bambanci a kaifin basira ba. Abin da ya fi jan hankali shi ne cewa kashi 16.7 cikin ɗari ne kawai na yaran da suka nemi shiga suka fito daga gidajen matalauta, alhali a jihohin da aka yi binciken matalauta sun kai kashi 46.5.

Wannan adadi bai rushe amfanin shirin ba, domin binciken da kansa ya nuna cewa yaron da ya fi shan wuya shi ya fi amfana idan ya samu shiga, amma ya tona cewa cire kuɗin makaranta bai isa ya kawo shi ba. Kafin yaro ya zauna a cibiya sai an samu babba da ya ji labarinta, ya je ya cike takarda, ya iya biyan kuɗin mota kullum, ya raka shi ya kuma ɗauko shi kafin duhu a unguwar da ake tsoron dare, sannan gidan ya iya haƙura da ɗan abin da yaron zai samo ko renon ƙannen da zai yi a waɗannan awoyi. Gidan da ya iya duk wannan, ko da talaka ne, ya riga ya fi maƙwabcinsa tsayuwa. Ga kuma wani rauni da ya fito fili a 2021, lokacin da tsofaffin ɗalibai mata suka bayyana cewa wasu malamai sun yi lalata da su suna ƙanana, hukumar shirin kuma ta fitar da sanarwar yin tir da lamarin. Inda ci gaban yaro da tafiyarsa waje suke hannun malami guda, kuma iyayensa ba su da bakin magana, irin wannan haɗari yana nan ko da wace ƙasa ce, kuma sunan da shiri ya yi a duniya yakan sa a yi jinkirin sauraron mai kuka.

Abreu ya rasu a watan Maris na 2018, a tsakiyar durƙushewar tattalin arzikin da ta biyo bayan faɗuwar farashin mai a 2014, lokacin da hauhawar farashi ta mai da albashin malami abin da ba ya sayen abincin mako. Sama da mutum miliyan bakwai sun bar ƙasar bisa ƙidayar Majalisar Ɗinkin Duniya, cikinsu har da ɗimbin makaɗa da malaman shirin, waɗanda wasunsu suka yi ta kiɗa a tashoshin jirgin ƙasa na Buenos Aires da Santiago da Lima kafin su kafa nasu ƙungiyoyin a can. Duk da haka a watan Nuwamban 2021 gwamnati ta tara makaɗa a harabar makarantar sojoji ta Karakas, aka ƙidaya 8,573 suna kaɗa wani kiɗan Tchaikovsky a lokaci guda, aka shiga kundin Guinness a matsayin okestira mafi girma a duniya.

Ƙasashen da suka ari tsarin sun ɗauki abin da ya yi musu, wasunsu kuma sun yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da aka gani. A jihar Bahia ta Burazil an kafa NEOJIBA a 2007, a Los Angeles an kafa YOLA a shekarar, a Nairobi kuma Elizabeth Njoroge ta fara Ghetto Classics a 2008 a unguwar Korogocho da ke maƙwabtaka da babban jujin Dandora. Gwajin da ya fi dacewa da matsalar wanda ke shiga shi ne na Birtaniya. A Liverpool, a 2009, shirin In Harmony ya shiga wata makarantar firamare ta unguwar West Everton ya ɗauki makarantar gaba ɗaya, kowane yaro da malamansu har da sauran ma'aikata, aka sa kiɗa cikin jadawalin darussa, ta yadda babu uwar da za ta cike takarda ko ta biya mota kafin ɗanta ya samu. A Raploch, wata unguwar talakawa ta garin Stirling a Sikotland, shirin Big Noise ya fara a 2008 da yara ƙalilan, yana bin su tun daga ajin reno, ya kuma yarda wata cibiyar binciken lafiyar al'umma ta Glasgow ta riƙa auna tasirinsa na tsawon shekaru. Wannan hanya ta fi tsada a kan kowane yaro, ba ta kuma fitar da taurari da sauri, don haka ta tsaya a unguwanni ƙalilan, daga Raploch zuwa Govanhill a Glasgow a 2013, da Torry a Aberdeen a 2015, da Douglas a Dundee a 2017. A farkon 2023 majalisun biranen Aberdeen da Dundee suka janye tallafinsu saboda matsin kasafi, kuma sai da gwamnatin Sikotland ta shigo da kusan fam miliyan ɗaya da rabi sannan cibiyoyin suka ci gaba da buɗe ƙofa a wannan shekara.